Baƙo makaho ne ko da idonsa: shekarar fari ta ɗan mishan a ƙasar masu Ispaniyanci

Cikin shekarar 1961 fadar Paparoma ta aika wa ƙungiyoyin Katolika na Amurka da wani kira mai nauyi, wato kowace ƙungiya ta ware 10 bisa 100 na limamanta da matanta masu zaman ibada, ta tura su ƙasashen Latin Amurka kafin shekara goma ta cika. Ba a cimma wannan adadi ba, amma dubban mutane sun amsa, suka ɗaura kaya suka nufi Peru, Bolibiya, Gwatemala da sauransu. Su ma ƴan Furotesta ba a bar su baya ba. Mishan ɗin SIM, wadda mutanen Maraɗi da Galmi suka sani tun da daɗewa, a 1982 ta haɗe da wata mishan da ke aiki cikin tsaunukan Andes tun 1907. Abin tambaya shi ne: mutumin da ya bar gida da niyyar koyar da wasu, me yake tararwa ran da ya sauka inda ko farashin tumatir ba ya iya tambaya?

Abu na farko shi ne harshe. Ispaniyanci harshen gwamnati ne a ƙasashe 20, cikinsu har da Gine Ekwatoriyal a nan Afirka, kuma waɗanda suka sha shi a nono sun kusa miliyon 500. Saboda haka mishan-mishan suka buɗe makarantun da sabon zuwa zai fara yada zango. Akwai wadda ƴan Furotesta suka kafa a Medelin ta Kolombiya a 1942, ta ƙaura zuwa San Jose ta Kosta Rika a 1950. Akwai kuma wadda ƙungiyar Maryknoll ta buɗe a Kocabamba ta Bolibiya a 1965. A irin waɗannan wurare mutum mai digiri, wanda a garinsu in ya hau mumbari sai a yi tsit, yakan koma ɗan aji ɗaya, yana maimaita sunayen ranaku da ƙidaya, ƴaƴan maƙwabta suna gyara masa lafazi suna dariya. Wasu sukan yi watanni a haka, wasu shekara guda cur.

Wanda ya ji Faransanci yakan ɗauka ya samu gajeriyar hanya, tunda harsunan biyu uwarsu ɗaya, Latinanci. Da gaskiyarsa, amma hanyar tana da ramuka. Kalmar salir a Faransanci ɓata abu ne da dauɗa, a Ispaniyanci kuwa fita ce. Wanda ya ce yana constipado mura yake fama da ita, cikinsa lafiya lau. Mace kuma in ta so ta ce kunya ta kama ta, ta ce tana embarazada, to ta shaida wa jama'a tana da juna biyu ke nan. Bahaushe ma zai tarar da dangi a cikin harshen, domin Musulmi sun yi mulki a sassan Ispaniya daga 711 zuwa 1492, suka bar kalmomin Larabci da yawa: azúcar shi ne sukari, alcalde kuwa, wato magajin gari, asalinsa ɗaya da alƙali.

Bayan kalmomi sai ladabi, kuma nan ne tuntuɓe ya fi ciwo. Ispaniyanci yana da tú don aboki da yaro, da usted don babba da baƙo, a Arjantina da sassan Amurka ta Tsakiya kuma ga vos. Wanda ya kira tsohuwa da tú tun ganin farko, ko da nahawunsa ya fi na malami, ya rage wa kansa daraja. Haka nan wanda ya shiga gida ya faɗa kan abin da ya kawo shi kafin ya tambayi lafiyar iyali, ko ya ture kwanon da aka ajiye masa don yana tsoron ciwon ciki. A ƙauyukan Gwatemala abincin safe da rana da dare kusan ɗaya ne, gurasar masara da suke kira tortiya da baƙin wake. Mai gida kuwa abin da ke gare shi ke nan, kuma yana kallon hannun baƙonsa.

Jiki ma yana da nasa shari'ar. Birnin La Paz na Bolibiya yana bisa tudu mai tsawon mita kamar 3.600, alhali Yamai ba ta fi mita 200 da ɗoriya ba. Iska a can ba ta da ƙarfi, sabon zuwa yakan kwana da ciwon kai da haki, in ya hau matakala goma sai ya tsaya ya huta. Mutanen wurin suna kiran wannan ciwo soroche, maganinsu kuwa shayin ganyen koka da tafiya sannu.

Wani masanin al'adu mai suna Kalervo Oberg ya yi bayanin wannan hali a wata lacca da ya gabatar a Riyo ta Barazil a 1954, aka buga ta a 1960 cikin wata mujalla da ƴan mishan ke karantawa. Ya raba ruɗewar baƙunci hawa huɗu. Da farko komi yana burge baƙo, kamar ango cikin satinsa. Daga nan sai ɗoki ya ƙare, ya fara jin haushin komi: ba su zuwa kan lokaci, ba su faɗin gaskiya kai tsaye, ofisoshinsu sai jan rai. A wannan hawa ne yake neman ƴan ƙasarsu su taru suna zagin masu masaukinsu, kuma a nan ne wasu suke naɗe tabarma su koma gida. Wanda ya daure sai ya kai hawa na uku, ran da ya fara yi wa kansa dariya. Na huɗu kuwa shi ne ran da ya daina auna komi da mudun garinsu. Duk ma'aikacin da aka taɓa turawa daga Damagaram zuwa Bilma, ko ɗan kasuwar da ya yi shekarar fari a Abijan, zai gane hawan nan huɗu ba sai an yi masa fassara ba.

To, amma akwai wanda ya ce matsalar ta wuce nan. Ivan Illich, limami haifaffen Biyena, ya buɗe wata cibiya a garin Cuernavaca na Meksiko a 1961 don horar da masu amsa kiran Paparoma, ya kuma mai da ita rariya. A ganinsa baƙon da ya zo da mota da kuɗi da tabbacin cewa shi ne mai gyara, ɓarnarsa ta fi amfaninsa, domin yakan gina abin da mutanen gari ba za su iya riƙewa ba bayan tafiyarsa, ya kuma koya musu miƙa hannu. Ya riƙa gaya wa ɗalibansa cewa sanin inda mutane suke yin shiru cikin harshensu ya fi sanin kalmomin wuya. A 1967 ya rubuta wannan ra'ayi a fili, ransu ya ɓaci a Amurka da Roma, cibiyar kuma ta rufe a 1976. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, tambayarsa tana nan: hannun da yake bayarwa kullum, yaushe zai koyi karɓa?

Labarin Stanley Rother ya nuna yadda amsar take a aikace. Ɗan manoma ne daga jihar Oklahoma, an haife shi a 1935. A makarantar limamai ta farko Latinanci ya kayar da shi har aka sallame shi, sai da bishop ɗinsa ya nema masa wata makaranta kafin a naɗa shi a 1963. A 1968 ya sauka Santiyago Atitlan, wani gari a bakin tafki cikin tsaunukan Gwatemala. Can ya tarar da abin da da yawa cikin sababbin zuwa suke tararwa: Ispaniyancin da ya sha wahalar koyo harshen hukuma ne da kasuwa, a cikin gida kuwa mutane Tsutuhil suke ji, ɗaya daga harsunan Maya fiye da 20 na ƙasar. Kamar mutum ne ya koyi Faransanci ya sauka ƙauyen da ba a jin komi sai Hausa.

Abin da ya cece shi shi ne hannunsa na manomi. Tun bakinsa bai buɗe ba ya iya gyaran tarakta, ya iya huɗa, ya shiga gona tare da mutane, ya zauna ƙasa ya ci abin da suke ci. Sunansa Stanley ya yi musu nauyi, sai suka ɗauki sunansa na biyu, Francis, suka juya shi da harshensu, suna kiran sa Padre Apla's, shi kuma ya amsa. Mutumin da Latinanci ya gagara, shekara biyar da zuwansa yana jagorantar ibada da Tsutuhil, ya kuma sa hannu cikin aikin fassara Sabon Alkawari zuwa harshen. Ya taimaka wa ƙungiyar gama-kai ta manoma, da ɗan asibitin garin, da gidan rediyon da ke koyar da karatu.

Sai dai sabo da wuri yana da farashi, domin wanda ya zama ɗan gari ya gaji abokan gaban gari. Gwatemala tana cikin yaƙin basasa tun 1960, yaƙin da bai ƙare ba sai 1996, wanda aka ƙiyasta ya ci mutum kamar 200.000, akasarinsu ƴan ƙabilun Maya. Aka fara sace masu koyar da addini na majami'arsa ana kashewa. Farkon 1981 aka shaida masa sunansa yana cikin jerin waɗanda za a kashe, ya koma Oklahoma, amma zaman bai yi masa ba. Ya riga ya rubuta wa mutanen gida cewa makiyayi ba ya gudu ya bar garke don ya hangi haɗari. Cikin watan Afrilu ya komo. Daren 28 ga Yuli 1981 wasu mutum uku suka shiga gidansa suka harbe shi. Danginsa suka ɗauki gawar zuwa Oklahoma, mutanen Santiyago Atitlan kuwa suka roƙi a bar musu zuciyarsa, aka bar musu, tana cikin majami'ar garin.

Ba kowane labari yake ƙarewa da jini ba. A 1985 wani matashin limami ɗan Shikago, Robert Prevost, ya sauka Chulucanas a arewacin Peru, lokacin da ƴan tawayen Sendero Luminoso suke ƙara ƙarfi. Ya yi shekaru a Trujillo, ya zama bishop na Chiclayo, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Peru a 2015. Ran 8 ga Mayu 2025, da aka zaɓe shi Paparoma Leo na 14, cikin jawabinsa na farko sai ya bar Italiyanci ya juya Ispaniyanci don ya gai da mutanen Chiclayo.

Mai karatu zai lura cewa cikin duk waɗannan, waɗanda suka zauna da gindinsu su ne waɗanda suka yarda a yi musu dariya, a canza musu suna, a ciyar da su. Hausawa sun ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ɗan mishan da ya ƙi ɗaurawa yakan koma gida da hotuna da ƙorafi. Wanda ya ɗaura kuwa, shi ne mutanen gari suke tambayar yaushe zai komo.