Ba Kowane Ƙurji Ne Ciwon Sanyi Ba

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata al'ada a ɗakunan kwananmu da ya kamata mu yi watsi da ita. Da zarar saurayi ya ga ƙuraje a al'aurarsa, sai ya lallaɓa kemis da dare, ya ce ciwon sanyi ne, a ba shi kafso. Bayan mako biyu ƙurajen su bushe, ya yaba wa mai kemis. To, in hapis ne, ba kafson ya warkar da shi ba. Ƙwayar bairos ce, maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Lafawa ta yi cikin jijiyoyi, kuma tana iya dawowa.

Alamarta ƙananan ƙuraje ne masu ruwa, waɗanda ke fashewa su bar miki mai zafi. Gyambon tunjere kuwa yawanci ba ya zafi, amma ido kan yaudari likita ma. Saboda haka ake shafo ruwan mikin da auduga a kai ɗakin gwaji, kuma tun yana ɗanye ya fi nuna gaskiya. Wanda kunya ta hana shi zuwa har ya bushe ya yi asarar damar, domin gwajin jini kan ɗauki makonni 12 ko fiye kafin ya nuna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 846 masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ita. Maganin acyclovir yana rage zafi da yawan dawowarta, ba ya kawar da ita. Wanda bai san yana da ita ba yana iya shafa wa matar da zai aura, kuma in ta kamu gab da haihuwa, jaririn yana cikin babban haɗari.