Kaciyar babba tiyata ce, kada kunya ta hana ka komawa asibiti

A ƙasar Hausa yaro aka saba yi wa kaciya. Da sanyin hunturu ya shigo sai a tara yara, wanzami ya yi aikinsa, a yi ta ba su kaji har su warke. Shi ya sa idan lalurar ta kama magidanci, yakan rasa wanda zai tambaya.

Kuma tana kamawa, a Rogo Sabon Gari kamar ko'ina. Akwai wanda ya musulunta da girmansa, akwai wanda aka bar masa ragowar fata tun yarinta, akwai mai ciwon suga da loɓarsa ta tsuke. Babu abin kunya a nan: ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Annabi Ibrahim (AS) ya yi kaciya yana da shekara 80.

Ra'ayina shi ne, shirun da ke biyo bayan aikin ya fi wuƙar haɗari. Mutum ya koma gida, ya ji fatar ta ɗaure tamau, cikin dare gaba ya miƙe ɗinki ya ja har barci ya gagara. Bai faɗa wa kowa ba, sai ya shiga shafa abin da ya ji a majalisa.

Yawancin wannan ɗaurewar ba matsala ba ce. Kumburi ne na makon farko da na biyu, da tabon da bai yi laushi ba tukuna. Zaren ɗinkin yakan narke cikin mako biyu zuwa uku, fatar kuma ta ci gaba da sakewa har tsawon watanni. Yin fitsari kafin kwanciya na rage jan dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙaurace wa iyali na mako shida, wato kwana 42. Tana da gogewa a kai, don tun 2007 take goyon bayan yi wa manya kaciya a gabashi da kudancin Afirka domin rage yaɗuwar cuta mai karya garkuwar jiki.

Amma akwai alamun da ba a kwana da su: jinin da ya ƙi tsayawa, mugunya mai wari, zazzaɓi, kasa yin fitsari, ko wurin ya fara baƙi. Haka in muƙamuƙi ya soma sanƙarewa, domin alamar tetanus ce, wadda ƙwayarta ke zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi. Manomi ya kiyaye: kada toka ko garin magani su taɓa ciwon, kuma a tambayi allurar rigakafinta tun kafin aiki.

Ban raina wanzamai ba, sun yi wa al'umma hidima tun kaka da kakanni. Sai dai jikin babba ba na yaro ba ne. Jijiyoyinsa sun fi zubar da jini, yana bukatar ɗinki, kuma dole a auna fatar da za a bari. In aka yanke fiye da kima, ɗaurewar ba za ta tafi da kanta ba.

Don haka a fara da Babban Asibitin Rogo. In wata uku ya wuce ana jin zafi ko lanƙwasa yayin miƙewa, a nemi takardar zuwa Kano, Cibiyar Mafitsara ta Abubakar Imam ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tsara aikin bayan girbi, a ajiye babur da fartanya na ɗan lokaci, mai suga kuma ya daidaita sugansa tukuna.

Su ma ma'aikatan lafiya da nasu nauyin. Kada a sallami mutum da ƙwayoyi kawai. A zaunar da shi a keɓe a gaya masa abin da zai gani da ranar da zai dawo. Malaman da ke karɓar sabbin musulmi kuwa, su haɗa su da likita, su kuma rufa musu asiri. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi.