Daga Zauren Makaranta: Tarho Ya Tashi Daga Bango



Watan jiya wata Hajiya daga cikin iyayenmu, wadda ke zaune ita kaɗai a arewacin Landan, ta yi kwana uku tarhonta bai yi ƙara ba. Ita kuwa ba ta riƙe salula. Har ta fara zargin ko mutanen Kumasi fushi suke yi da ita. Ashe yayarta ce ta rasu, ana ta nemanta ba a samu, sai ranar sadakar uku aka tura yaro ya buga mata ƙofa. Allah ya jiƙanta. Da muka je gaisuwa muka duba, sai ga wani kwali a bayan kujera ba a ko buɗe shi ba, da takardar Turanci a kansa. Muka ce, “Hajiya, wannan fa?” Ta ce, “Malam, ai na ɗauka talla ce.”

To, ga abin da ke ciki. Tsohuwar wayar tagulla wadda ke kawo murya gidaje a ƙasar nan, ana naɗe ta. Tun watan Satumba 1923 ba haka muke nufi ba, a'a, kwanan nan ne: cikin Satumba 2023 Openreach ya daina sayar da sabon layi irin na da. Da fari an ce ƙarshen 2025 za a rufe, sa'an nan aka ɗaga zuwa 31 ga Janairu 2027. Wanda aka juya masa layi, muryarsa ta intanet za ta bi, watau ta cikin akwatin nan mai 'yan fitilu da yara ke kira rauta. BT ya sa wa nasa suna Digital Voice.

Haɗawar ba wuya. A zare igiyar tarho daga bango, a juya akwatin, a soka ta a ramin da aka yi wa tarho a bayansa. A akwatin BT kore ne. A saurara kaɗan, a ɗaga kai. In an ji ƙugin nan, madalla. Lambarka ba ta sākewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Tarhon da, daga gidan waya yake shan lantarkinsa, don haka ko unguwa ta yi duhu yana magana. Na yanzu kuwa, akwati ya mutu, tarho ya mutu, har 999 ba ta shiga, lambar da aka fara a birnin nan tun 1937. Iyayenmu kuwa mun san halinsu na tattali: bayan sallar isha sai su bi bango suna kashe kowane makunni. Wani ma ya zare akwatin ya sa butar shayi. Mai mitar kati kuma, kuɗi na ƙarewa tarho ya yi shiru. Saboda haka muka yanki takarda muka rubuta wa Hajiya da ajami, “Kada a kashe, ko da dare,” muka manna a jikin makunnin. Ta karanta nan take, har ta gyara mana wasali guda. Duk mai son irinta ya zo makaranta ran Asabar, tawada ba ta ƙare ba.

Ofcom, hukumar da ke lura da kamfanonin waya, ta ɗora musu cewa wanda ba shi da wata hanya sai tarhon gida, a yi masa dabarar da zai iya kiran agaji na awa guda a ƙalla in wuta ta ɗauke, kyauta. Galibi batir ne. Amma sai an faɗa musu. Haka mai rataye da maɓallin kiran agaji a wuya, kada a yarda a juya masa layi sai an gwada maɓallin. Cikin Disamba 2023 manyan kamfanonin suka sa hannu a kan alkawarin haka, bayan da aka sami waɗanda nasu ya ƙi aiki.

Mu ma a makaranta mun sha tamu. Mun sayi namu akwati, muka ɗauki layi a wani kamfani, sai ya zama uban yaro na ta sallama, muna amsawa, ba ya jinmu, har wani ya ce malamai sun yi girman kai. Wani tsohon almajirinmu ya shiga saitin akwatin ya kashe wani abu da aka rubuta SIP ALG, magana ta daidaita. Ya kuma sa murya ta riƙa wucewa gaban sauran kaya, domin in yara sun cika layi da kallon bidiyo sai ta dinga tsinkewa, alhali abin da take ci bai taka kara ya karya ba.

Ran Lahadi bayan azahar samari shida za su zaga gidajen dattawa. Wanda ya san tsoho mai zaman kaɗaici ya ba sakatare sunan unguwa kafin Juma'a.

Wassalam.