Tausa da kaho: a fara auna jini tukuna

Tun da aka rufe gadar Gaya zuwa Malanville bayan juyin mulkin Yulin 2023, masu cin abinci a kan iyaka, daga Bana har Kamba, suke cikin matsi. Damuwa irin wannan a jiki take bayyana: wuya ya sage, kai ya yi nauyi, barci ya ƙaurace. Shi ya sa bidiyoyin TikTok masu cewa tausa na fitar da baƙin cikin da ya taru a tsoka suke shiga ran matasa.

Tausa na da amfani. Tana sassauta jijiyoyi, tana rage ciwon baya da fargaba na ɗan lokaci, kuma wanda aka tausa har ya fashe da kuka ba ƙarya yake ba. Amma baƙin ciki ba gurɓataccen jini ba ne da wanzami zai zuƙe da kaho. Ciwon kan da ake tausawa wata da watanni yana iya zama hawan jini.

Masu turo kuɗi gida daga Kwatano ko Legas su fara biyan kuɗin awon jini a asibitin Gaya. Ma'aikatan lafiya kuma su riƙa tambayar mara lafiya abin da ke hana shi barci.