Faransa ta fice daga Nijar, amma burodinta na nan

Ga mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa a jihar Jigawa, ɗaya daga cikin hanyoyin zuwa ɗanɗana abinci irin na Faransawa ita ce wadda ta bi ta Babura ta tsallaka iyaka zuwa Magarya, sannan ta zarce Damagaram a Jamhuriyar Nijar.

Faransawa sun kama Damagaram ne a shekarar 1899, kuma birnin ya kasance fadar mulkinsu har zuwa 1926 lokacin da suka koma Yamai. Cikin abubuwan da suka bari akwai dogon burodin nan mai ƙamas-ƙamas da suke kira baguette, da al'adar karya kumallo da shi.

Sai dai tun bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yulin 2023, al'amura sun sauya. Dakarun Faransa kimanin 1,500 sun kammala ficewa a watan Disamban shekarar, aka kuma rufe ofishin jakadancin ƙasar a farkon 2024. A shekarar 2025 hukumomin soja suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Manyan gidajen abincin Yamai masu girki irin na Turawa sun dogara ne sosai ga jami'an diflomasiyya da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, don haka raguwar baƙin ta taɓa kasuwarsu.

To amma abin tambaya shi ne, shin waɗannan wurare masu tsada su ne ainihin abin da Faransawa ke kira bistro?

A can Faransa, bistro ƙaramin gidan abinci ne na unguwa, mai sauƙin farashi, inda mai wurin ya san abokan cinikinsa da sunayensu, kuma ake zuwa domin hira kamar yadda ake zuwa domin ci. Ko a can ɗin ma suna ƙarewa, domin daga kimanin 200,000 a shekarar 1960, yanzu adadinsu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na hakan ba. Wannan ne ya sa a 2024 gwamnatin ƙasar ta sanya al'adar zama a irin waɗannan wurare cikin jerin al'adun gado da ya kamata a kare.

Idan aka bi wannan ma'auni, teburin mai shayi a tashar motar Damagaram ko Maraɗi ya fi kusa da asalin bistro, fiye da ɗakin cin abincin babban otal. Akwai benci, akwai burodi da wainar ƙwai da kofi da madara, akwai kuma muhawarar siyasa. Barasa da naman alade, waɗanda ba a rasa su a bistro na Paris, ba su da gurbi a nan.

Barazanar da ke fuskantar wannan sana'a ta tattalin arziki ce. Nijar da Najeriya duka suna sayo akasarin alkamarsu ne daga ƙetare, kuma duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga 2019 zuwa 2020, da kuma bayan takunkumin ECOWAS na 2023, ƙananan 'yan kasuwar garuruwa irin su Babura da Magarya ne ke fara ji a jikinsu.

Layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, an tsara zai ratsa ta Kazaure. Ko zai ƙara wa masu shayin ɓangarorin biyu ciniki, wannan ya danganta ne ga yadda dangantaka za ta kasance tsakanin Abuja da Yamai.