Sabuwar Mota da Lambar Tsohuwa



A Amurka akwai masu bala'in son motocin da, irin su Shelby Cobra, wadda tsakanin 1962 da 1967 kusan dubu ɗaya kacal aka ƙera. Ta asali, yau kuɗinta kan haura dala miliyan ɗaya. Shi ya sa ake kwaikwayonta: sabon casis, sabon inji, a ɗora gangar jiki mai kama da ta asali sak. Wannan ba laifi ba ne. Rigimar tana wajen rajista.

Motar da aka haɗa bana sai an gwada hayaƙinta, a kuma biya haraji gwargwadon ainihin kuɗinta. Wadda takarda ta ce ta 1965 ce kuwa, a jiha kamar Kalifoniya ba ruwanta da gwajin hayaƙi. To, sai mutum ya nemo wata mota da ta ruɓe a bola, ya sayi takardunta, ya ɓamɓare ɗan ƙarfen da aka buga lambar casis a kai, ya kafa wa sabuwar. Aikin minti goma ne, da ƙusa biyu.

Dokar tarayyar Amurka ba ta ɗauke shi aikin minti goma ba. Cire lambar mota ko sauya ta na iya kai mutum gidan yari har shekara 5. Sayar da irin wannan mota da sani, har shekara 10. Kuma suna ba ya hana. Boyd Coddington, gwanin ƙera motoci da ake nunawa a talabijin a lokacin, ya amsa laifi a 2005 a Kalifoniya, kan yi wa sababbin motoci rajista da sunan tsofaffi.

Ni dai wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai saye na biyu ko na uku. Bai ɓamɓare komai ba, takardunsa cif a aljihu. Ranar da jami'i ya leƙa ƙarƙashin motar ya ga casis ɗin bai yi daidai da shekarar da ke takarda ba, ana iya ƙwace ta. In hatsari ne, kamfanin inshora na iya cewa motar da ya yi wa inshora daban, wannan daban. Wanda ya sayar masa kuwa ya daɗe da cin kuɗin.

Abin haushin, ƙofar halal a buɗe take. Jihohi na ba motar haɗi lamba tata ta kanta bayan an duba ta da rasiɗan kayanta. Kalifoniya ma na sassauta wa guda 500 ka'idar hayaƙi kowace shekara. Jira ne kawai da cike takardu.

Mu ma abin ya shafe mu, tunda da yawan motocinmu daga can ake sauke su, kuma a 2022 kwastan na Najeriya suka fara ƙiyasta kuɗin fito da lambar casis. Kafin ka biya dillali, ka duba ta gindin gilashin gaba, ka duba ta bakin ƙofar direba, ka gwada su da ta takarda, harafi 17 ɗin duka.