Ba Kowane Tsuntsu ne Jan-baki ba

Ƴan'uwa manoma, akwai wata magana da ta yi yawa a garuruwanmu, wai tsuntsu duk tsuntsu ne, duk ɓarayin hatsi ne. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ɓarna take jawo mana.

Ba wanda ke musun ta'adin jan-baki. Garke guda ya sauka gona, kafin azahar zangarniya ta zama fanko. To amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mine ne laifin ƙananan baƙin da ke zo mana cikin Satumba da Oktoba, su koma cikin Maris da Afirilu? Daga Turai suke, gudun sanyi ya kawo su. Sai sun ƙetare teku, sannan hamada fiye da kilomita 1500. Nauyin wani bai wuce giram 20 ba, kamar ƙwayar sukari huɗu ke nan!

Ku dubi baki. Mai cin hatsi bakinsa gajere ne mai kauri, don fasa ƙwaya. Baƙon nan kuwa bakinsa siriri ne kamar ƙaya. Fara yake ci, da tsutsa, da gara, da ƙudaje. Ku je bakin tabkin Madarunfa ko fadamar gulbin Maradi da safe, za ku ga wani mai rawayan ciki yana bin sawun shanu yana kaɗa wutsiya, yana tsintar ƙwarin da kofato ya tayar. A saura kuma akwai mai farin gindin wutsiya, yana tsaye bisa hoge yana gadin fara. Ƴan ƙwadago ne da ba su tambayar kuɗi ko fura. Su ne yaranmu ke bi da danƙo da tarko, mu manya muna kallo. Naman ma loma guda ne.

Abin da ya fi ciwo shi ne masu sare gawo wai don kada tsuntsu ya sami masauki. Jan-baki daga nesa yake tasowa, sare iccenka ba ya hana shi zuwa. Gawo kuwa da rani yake ganye, lokacin da baƙin ke nan, cikinsa suke kiwo. Ka sare shi, ka kori mai ci maka ƙwari, ka rasa taki, ka rasa abincin bisashe.

Wasu na cewa kallon tsuntsu aikin marar aikin yi ne. To, a 1969 masu wannan kallo a Ingila suka ga fiye da rabin wani ƙaramin tsuntsu bai koma musu ba. Da aka bincika, sai aka tarar fari ne a ƙasashenmu na Sahel ya kashe su, farin da ya kai mu ga yunwar 1973.

Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku sami littafi. Ku rubuta ranar da kuka fara ganin baƙon, da iccen da ya sauka, da abin da kuka ga ya ci. In kun tsinci matacce da zobe a ƙafa, ku kwafe lambar, ku kai wa malamin gandun daji.